Kwaɗon da Bai Je Wata Ba

Karatuna biyu ne, kuma duk biyun rabi-rabi. A allo na kai izu goma sha biyu na tsaya, a boko na kai aji uku na bar wa hedimasta sauran ya riƙe mini ajiya. Masu lissafi sun ce rabi da rabi ɗaya ne. Ni dai na haɗa ban ga ɗayan ba. Abin da na tsira da shi hannu ne mai kyau, kuma da shi na ci tuwo a Haɗeja shekara da shekaru. Allon shagon tela, ƙofar mai gyaran keke, bayan motar katako, duk inda ka ga zaki mai kama da kyanwar da ta ƙoshi, to aikina ne.

Ina da taubashi, ɗan kawuna. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawana, ni kuma in ce masa ubangidan da ba shi da ko tabarma. Shi ya daure ya gama karatunsa har ya zama malamin makaranta, na koma kiransa Ticha. Aka tura shi wani ƙauyen masunta a hayin kogi, cikin fadama, inda aka buɗe aji guda na gwaji a rumfar zana. Sharaɗin da aka ba shi ɗaya ne. Sufeto zai zo ƙarshen zango. In ya tarar da bencuna cike da yara, a gina aji na bulo. In ya tarar da bencunan suna hira da junansu, a rufe, a kwashe allon.

Yaran kuwa ba su da lokacinsa. Wanda ba ya bakin ruwa yana taya ubansa jan koma, yana gonar shinkafa yana korar tsuntsayen jan-baki da gwangwani. Ticha ya bi gida-gida har takalminsa ya gaji.

A shekarar ne rediyo ta ce wasu Turawa sun hau kumbo sun je sun taka wata. Haɗeja ta rabu biyu a kan maganar. A rumfar mai shayi wani dattijo ya ce in gaskiya ne, bana a duba watan azumi da kyau, ba za a rasa sawun takalmi ba. Ticha kuwa ya lura da wani abu. Ranar da ya zana kumbo a allo, har yaran da ba a rubuta sunansu ba suka zo suka liƙa ido a ramukan zana suna leƙe.

Wata Asabar da hantsi sai ga shi a rumfata da ƙullin tsumma.

"Bawana, ajiye burushin nan. Aikin ilimi ya same ka."

"Wane ilimi? Wanda ke zuwa aiki a kwalekwale da takalmi a hannu?"

Ya kwance ƙullin a kan bencina. Totuwar kara ce yanke-yanke, da ɓawon kara, irin kayan da yara ke ƙera motar kara da su, da ƙayar aduwa da aka dakushe wa baki, sai ƙwallon giginya guda da ƙwallon goruba guda. Ya ɗaga na giginya ya ce duniya ke nan. Ya ɗaga na goruba ya ce wata.

"Wa ya cinye wa duniya namanta?"

"Ni. Aikin gwaji ne."

Nufinsa kowane yaro ya samu kayan nan a kwali nasa na kansa, ya ƙera kumbo da hannunsa, ya kewaya da shi daga giginya zuwa goruba a gaban sufeto. Ya ce yaro ido ne ke kai shi wurin abu, wa'azi ba ya kai shi. Ni aikina in yi wa kwalin fuskar da yaro zai gani ya manta da jan-baki.

Na ɗauki abin da muhimmanci irin na likita. Na yi zane uku muka haye kogi da su don yaran su zaɓa, domin Ticha ya ce mai shan miya shi ke faɗin gishiri. Na farko ɗan sama jannati ne, na kwaikwayo daga hoton jarida, mutum ya kifa ƙwarya a ka ba fuska. Ina ɗaga shi wata 'yar ƙarama ta fashe da kuka ta shige bayan yayarta. Wani ya ce ai wannan shi ne mai jan ƙafar mutane a gurbi. Na ajiye shi a kife. Na biyu shamuwa ce a kan kumbo. Suka dube ta, can wata yarinya ta ce ita da take da fiffike me za ta yi da kumbo? Ticha ya ce wannan ta fi ni hankali, a rubuta. Na uku na yi shi ne don wasa kawai, kwaɗo ne da 'yar hula, ya rungume kumbo kamar mai koyon keke, idanu waje. Suka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Kwaɗo ya ci zaɓe ba hamayya.

Sai launi. Ticha yana son sama baƙa ƙirin, wai haka take in ka je can. Na tambaye shi yaushe ya dawo. Na ce babu uwar da za ta bari a shigo mata da baƙin kwali ɗaki. Muka tsaya a kan shuɗi irin na bula, kumbo ja, kwaɗo kore, gefe da baya rawaya. Suna ma sai da muka yi rigima. Shi ya zo da nasa a rubuce, Darasin Sararin Samaniya Na Ɗaya. Na ce ni da na tsufa da gudun makaranta, ina jin wannan sunan ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Muka sa masa Kumbon Kara.

Girman kwalin mun auna shi da hammatar yaro, don ya maƙale shi da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe gefen jirgi. Na ce a shafe shi da kakin zuma saboda ruwa. Murfin kuma a manne shi gam da ƙaro, kada ƙaya ta zube a hanya. Dabarar da Ticha ya fi alfahari da ita tana bayan kwalin. An bar shi fili, rawaya, sai layukan ɗige-ɗige. Layin farko in ka bi shi da almakashi kwali ya buɗe. Sauran in ka bi su ka fitar da fikafikan kumbo uku da hularsa mai tsini. Wato kwalin kansa yana cikin kayan aiki, babu abin da za a yar.

"Bayan nan kada ka taɓa shi," in ji shi. "Ɗige-ɗigen kawai. Ka ji, bawana?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Ko a sa hannu a takarda?"

Ya roƙo kwalayen sabulu daga kanti, suka isa talatin. Sai aka kira shi kwas na mako biyu a Birniwa. Ya bar mini komai, ya ce in na gama in ba mai jirgin ƙauyen ya kai wa mai unguwa ya raba. Yara su kwana da su a gida 'yan kwanaki, kwaɗayi ya kama su. Shi zai dawo Talata, Laraba a yanka a ƙera, Alhamis sufeto.

Na yanke kwalayen, na naɗe, na fente, na zuba kaya, na manne. Na jera su a rana suna bushewa, bayansu a sama, rawaya talatin suna kallona. Mai rubutun allo da fili ba rubutu, kamar akuya ce da danga mai ɓaraka. Na zauna ina yi wa kaina huɗuba. Na ce sunan nan da boko aka rubuta shi, kuma a ƙauyen nan wa ke karanta boko in ban da Ticha? Iyaye za su ga kwaɗo su ce shirme ne. Amma in suka ga ajami, rubutun da suka sani, za su ce wannan abu na mutunci ne. Har ga Allah taimako na nufa, a farko dai.

Na feƙe alƙalamin kara, na tsoma a baƙin fenti, zan rubuta Kumbon Kara da ajami. To ni tun ranar da aka fara ɗora mini alƙalami a hannu ban taɓa sa shi a kan abu ban fara da bisimilla ba. Hannun da kansa ya tafi. Na rubuta ta manya-manya daga wannan gefe zuwa wancan. Ta yi kyau. Na ga bai kamata ta zauna ita kaɗai ba, na ƙara addu'a a ƙasa, Allah ya ba mai wannan ilimi mai amfani. Na kewaye da zayyana irin ta allon sauka. Sannan can ƙasa, ƙanana, na tuna da sunan kumbon.

Shekaru da yawa in na ba da labarin nan cewa nake ban lura ba. Yau tunda rubutawa nake, bari in faɗa daidai. A kwali na biyar ko na shida na ga ɗige-ɗigen, ni na yi su da hannuna, sun ratsa ta tsakiyar sunan Allah. Na tsaya da alƙalami a sama. Na dubi rubutun. Ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba, kuma ƙauye guda zai gani. Na ce Ticha mai dabara ne, zai san yadda zai yi. Na gama talatin ɗin, na bi su da kaki, na zuba a buhu.

Ranar Laraba na saka rigata ta Juma'a na shiga jirgi don in je in karɓi yabo. Ruwa ya cika ya shafe hanya, shinkafa sai kanta ake gani, mai jirgi yana tura gora yana ratsa gonakin mutane. Ina ta shirya abin da zan ce in an yaba, kalmomin tawali'u masu tsawo.

Na tarar da rumfa ba kowa sai Ticha, da almakasai huɗu da ya aro a jere a kan tebur. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce in zo, ana jiranmu a ƙofar liman. Jiya da ya sauka ya ga kwalin a karon farko, a hannun mai unguwa.

Magidanta sun cika gindin tsamiya, wasu da ƙafa duk laka, daga ruwa aka kira su. Liman tsoho ne mai sanyin magana. Yana riƙe da kwali ɗaya da hannu biyu, bai bari ya taɓa tabarma ba. Muka durƙusa muka gaisa.

"Wa ya yi rubutun nan?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Hannu ya yi kyau. Rabon da in ga irinsa tun malamina na da rai. Allah ya yi albarka."

Jama'a suka ce amin. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, cikina kuwa kamar an hura salka.

"To wa ya ce wa yara a bi ɗigon nan da almakashi?"

Ashe yaran sun daɗe da sanin shirin, Ticha ya gaya musu kafin ya tafi. Wani ya kai kwali gida ya nemi rezar ubansa, uban ya juya kwalin ya ga abin da za a yanka. Kafin la'asar magana ta gama ƙauye.

Ticha ya ce, "Ni ne na ce, Malam. Amma lokacin da na faɗa..."

Ya tsaya nan, ya juyo ya dube ni. Sauran maganar tawa ce. Abin da zan ce bai fi numfashi ɗaya ba, cewa lokacin da ya faɗa bayan kwalin fili ne, ni na zo daga baya na rubuta bai sani ba, bayan ya hana ni. Shi ba zai tona ɗan gwaggonsa a gaban dattawa ba. Ni kuwa yanzun nan aka sa mini albarka a gaban mutum arba'in. Na kafa wa kwaɗon ido kamar ban taɓa ganinsa ba.

Wani masunci daga baya ya ce, "Kun ji ko. Dama an ce haka boko ke farawa, da wasa-wasa."

Ticha ya yi ƙoƙari. Ya ce a dawo masa da kwalayen ya nemo wasu. Mai unguwa ya ce sunan Allah ya shiga gida, sai a ɗauko shi a mayar kamar kayan aro? Ya ce to a ciro kayan ciki kawai, a bar kwalin. Aka juya aka duba, na manne murfin da ƙaro kamar ina gaba da shi, hanyar shiga ɗaya ce, layin farko, ta tsakiyar bisimilla. Liman ya lashi yatsa ya goga a rubutun. Yatsan ya zame a kan kaki.

"Da tawada ce," in ji shi, "da mun wanke mun ba yaran sun sha, kowa ya huta. Wannan kuwa mai shi ya yi shi don ya zauna."

Ya sake dubana da fara'a. Na ce, "Haka ne, Malam."

Aka yi da kwalayen yadda ake yi da duk takardar da ke ɗauke da irin wannan rubutu. Aka soke su a jinka, sama, inda ƙafa ba ta kaiwa kuma hannun yaro ba ya kaiwa. Na ji wata mata ta sa nata a saitin kan jaririnta. Iyaye kuma suka ce malamin da zai sa yaro ya yanka sunan Allah, a bari tukuna a ga kamun ludayinsa. Washegari sufeto ya zo da farin wando ya tarar da yara huɗu, biyu daga ciki 'ya'yan mai unguwa ne da aka turo don kunya. Ya zagaya rumfar sau ɗaya, ya rubuta abin da zai rubuta. Ni ina tsaye a bayan zana, ta ramin da yara ke leƙe.

Jirgi ɗaya ya dawo da mu, da allon ajin a jingine tsakaninmu. Har muka wuce gonakin shinkafa idonsa yana kan ruwa.

Na ce, "Ticha, ka zage ni mana. Kai fa ubangidana ne, hakkinka ne."

Ya ce, "Malam, riƙe gefen jirgi, nan akwai zurfi."

Aka mayar da shi Miga, ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya. Zumunci bai yanke ba. Yana zuwa suna, yana zuwa gaisuwar mutuwa, ya riƙe hannuna ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Amma daga ranar nan Malam nake. Na tsokane shi ta kowace hanya da taubashi ke da ita. Na ce masa ubangidan da ba shi da tabarma a gaban surukansa, ya yi murmushi ya ce Malam ke nan. Sau biyu na shirya in haye kogi in je in gaya wa liman yadda aka yi. Na farko aka ce ruwa ya yi yawa. Na biyu aka ce liman ya rasu. Ticha ma ya rasu yanzu, kuma ban sake jin kalmar nan ta bawana daga bakinsa ba.

Wajen shekara goma bayan rufe ajin, lokacin da babura suka cika gari kowa yana son allo mai sunansa, aka kira ni ƙauyen in rubuta allon injin casar shinkafa. Har lokacin ba makaranta. Mai injin sabon magidanci ne, ya sauke ni a zauren gidan ubansa ya kawo fura. Ina ɗaga kai in sha, sai muka haɗa ido da kwaɗo. Yana soke a jinka, hayaƙi ya mayar da shuɗin toka-toka, amma hular tana nan.

Mai injin ya ga inda nake kallo. Ya miƙe ya goge hannu a riga ya sauko da shi da hannu biyu.

"Nawa ne, Baba. Wani malami ya ba mu muna yara. Mahaifina ya ce kada a buɗe." Ya kai shi kunne ya girgiza, abu ya yi ƙwal-ƙwal a ciki. "Har yau ina so in san mene ne."

Na ce, "Duniya ce da wata."

Ya yi dariya ya ce tsofaffin birni ba su rabo da zolaya. Ya hura ƙurar da ke kan rubutun, ya mayar da kwalin inda yake. Da na gama allon injin, ya tsaya a gabansa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in karanta masa abin da na rubuta, ya ji ko sunansa ya fito daidai.